Katakon tsayuwa da hannu: wata 11 a hannun tela

Ni tela ne, wuyan hannu kuwa shi ne jarina. Shi ya sa na sayi 'yan sandunan katakon tsayuwa da hannu da zan yi magana a kansu, ba don kuɗi sun yi mini yawa ba. Shekarata 34, shekara 16 ke nan ina zaune a kan keke, kuma wajen shekara biyu da suka wuce na kamu da son tsayuwa da hannu. Muna yara mun yi ta a kan yashi: a yi tsalle a wurga ƙafa sama, a yi taku biyu ko uku, a kife a yi dariya. Wadda nake nema yanzu daban ce. Babu tsalle, babu wurgi. Ka sunkuya ka dafa ƙasa, sai ƙafafunka su bar ƙasa a hankali kamar ana jan su da zare, su buɗe ta gefe da gefe, su haɗu a sama. Mu biyar da muke haɗuwa a filin firamaren unguwarmu da safiyar Lahadi "ɗaukewa" muke ce mata.

Wata huɗu ina fama a kan siminti, sai wuyan hannuna na dama ya fara magana. Da farko na share. Ranar da na ɗauki almakashi zan yanka shaddar wani alhaji na ji kamar an soka mini allura a gindin babban yatsa, ranar na san wasa ya ƙare. A cikinmu akwai wani yaro da ya karanta ilimin motsa jiki a kwalejin ilimi, shi muke kira Malam duk da na girme shi da shekara takwas. Ya kama hannun ya lanƙwasa ya ce, "Yaya, duba nan. In ka shimfiɗa tafi a ƙasa, wuyan hannu ya riga ya karye kwana kamar kusurwar tebur. In za ka ɗauke kuma dole kafaɗa ta wuce gaba, ka ga ka ƙara masa ke nan. Ƙananan ƙasusuwa takwas ne a wurin nan, kuma duk nauyinka a kansu yake." Shi ya ce in nemi faralet.

Faralet wasu 'yan sanduna ne guda biyu, kowace a kan gajerun ƙafafu, ka ajiye su a ƙasa ka riƙe maimakon ka dafa. 'Ya'yan manyan sandunan nan biyu ne da 'yan wasan jimnastik ke lilo a tsakaninsu, waɗanda ake danganta ƙirƙirarsu da wani Bajamushe, Friedrich Ludwig Jahn, mutumin da ya buɗe filin motsa jiki a Balin a 1811. A kan irin manyan ne Uche Eke ya ciyo wa Najeriya tagulla a wasannin Afirka na Rabat a 2019, bayan zinaren da ya ci a kan dokin katako, wato wani kayan wasan jimnastik mai mariƙai biyu a sama, kafin ya zama ɗan jimnastik na farko da ya wakilci ƙasar a Olamfik, a Tokiyo. Na kalli bidiyonsa ya fi a ƙirga, kuma ba zan ɓoye ba, yana cikin abin da ya tunzura ni na tura kuɗin.

Ta waya na saya, a wani shagon intanet, naira 26,000 har da kuɗin kawowa. Kwana shida suka yi a hanya. Da na buɗe kwalin abin da na fara yi shi ne ɗauko tef, halin sana'a. Tsawon kowace sanda inci 14, tsayinta daga ƙasa inci 5, kewayen wurin riƙo inci 5 shi ma. Katakon fari ne mai nauyi, an goge shi sumul ba a shafa masa folish ba. Ƙafafun kuma katako ne, an ɗaure su da sukuru bibbiyu, an manna musu wasu 'yan robobi baƙaƙe a ƙasa. Sai ɗan makulli mai kusurwa shida da wata takarda mai hoton wani ƙato yana ɗaukewa, an rubuta wai da waɗannan za ka kai ga haka cikin sauri. Zan dawo kan takardar nan, don ita ce ta ci mini wata biyu.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Maganar wuyan hannu gaskiya ce. Da ka riƙe sanda, hannu yana miƙe ne kamar ka ɗauko bokiti, babu wannan karyewar. Na huta mako biyu ban yi komai ba, sannan na koma a kansu, kuma cikin wata guda na manta da wane hannun ne ma yake ciwo. Almakashi ya koma tafiya yadda ya saba. Ko da wannan kaɗai suka yi mini, kuɗina bai tafi a banza ba, don ɗinki biyu da zan mayar saboda ciwon hannu sun fi 26,000.

Kaurin ma ya yi mini daidai. Wani abokinmu ya kai wa mai walda hoto ya haɗa masa na ƙarfe da siririn bututu, kuɗinsa bai kai rabin nawa ba. Na gwada. Siririn ƙarfe yana nutsewa cikin tafi, minti ɗaya ka ga jan layi. Ga shi da an yi zufa sai santsi, in kuma ya kwana a tsakar gida rana ta fito, sai ka nemi tsumma kafin ka taɓa. Katako yana shan gumi. A watan Afrilu, lokacin da mutum ke jiƙewa tun kafin ya fara, ban taɓa jin hannuna ya zame ba. Rashin folish ɗin da na ɗauka rowa ce ashe shi ne dabarar. Abin da kawai ya jawo shi ne wurin riƙon ya yi duhu, har maiɗakina ta ce in ba ta ta wanke da omo. Na hana.

Robobin ƙasan nan kuwa, Allah ya isa. A kan siminti suna kamawa. A kan tayil, musamman in hunturu ya shimfiɗa 'yar ƙurar nan da ba a gani sai an shafa, kamar an sa musu taya. A mako na uku ina falo bayan sallar asuba, na wurga ƙafa sama, sai sandar hagu ta tafi abinta. Dunduniyata ta daki fanka, Allah ya sa an ɗauke wuta ba ta juyawa, na sauko da gefen ƙugu a kan hannun kujera. Maiɗakina ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta tsaya ta dube ni a ƙasa ta ce, "Abban yara, in rataye kanka kake son yi ai da ka faɗa, akwai igiyar shanya." Fiffiken fankar har yau a ɗan karkace yake. Da na duba sai na ga roba ɗaya ta ɓalle gaba ɗaya, gam ɗin bai fi na manna ambulan ba. Na ciccire sauran, na je wurin mai faci na karɓo tsohon tib na babur, na yanka na manna da gam ɗin masu gyaran takalmi. Tun daga nan ba su ƙara motsi ba. Amma abin da aka saya da kuɗi haka bai kamata a ce sai mai faci ya ƙarasa shi ba.

Hunturun ya sake nuna musu hali ta wani wajen. Katako yana tsukewa in iska ta bushe, sai sukurorin suka saki, sandar ta fara ɗan rawa a hannu. Rawar ba ta kai kaurin allura ba, amma wanda yake kife da ka yana jin ta har cikin haƙori. Duk Juma'a sai na ɗaure. Kada ka yar da ɗan makullin nan, ni a aljihun keken ɗinki nake ajiye shi tare da bobin. Ƙafa ɗaya kuma ta yi 'yar tsaga a bakin ramin sukuru a watan Janairu, ba ta ƙaru ba, amma ina sa ido.

Yanzu takardar. Wata biyu cur na yi ina tsayawa da ƙafa a ƙasa, hannu a kan sanduna, ina turawa har idona ya yi ja, ƙafa ko gezau. Na fara zargin shekaru. Ranar wata Lahadi na kai su fili, Malam ya kalle ni sau ɗaya ya fashe da dariya. Ya ce, "Yaya, ai wahala ka saya wa kanka. Ka ɗaga hannu inci biyar ka bar ƙafa a ƙasa. Rami ka shiga."

Ga abin da ya fahimtar da ni, kuma da na san shi da ban ɓata wata biyun ba. Ƙafa ba ta barin ƙasa don ka fi ta ƙarfi. Tana bari ne idan nauyin jiki ya koma kan hannu, wato idan ƙugu ya hau saman kafaɗa da tafi. Kamar sikelin mai nama ne, sai ɗaya gefen ya rinjaya ɗayan yake tashi. Duk abin da ya ɗaga ƙugu sama tun kafin ka fara ya rage maka aiki, duk abin da ya sauke shi ya ƙara. To in ka ɗora hannu a kan sanda ka bar ƙafa a ƙasa, ƙugunka ya yi ƙasa da inci biyar in aka gwada da kafaɗa, sai ka ƙara jingina gaba sosai kafin ka rama, kuma kafaɗar ce ke biyan bashin. Wanda ke ɗaukewa daga tsaye, sanduna ƙara masa wuya suke yi. Wanda suke sauƙaƙa wa shi ne mai tasowa daga zaune, ƙafafu a miƙe a iska, don suna ba shi sararin da zai zaro ƙafa ta ƙarƙashinsa ba ta goge ƙasa ba. Akwai irin wadda ake tasowa ƙafafu a ware a bayan hannuwa, ana kiranta da sunan Josef Stalder, ɗan Suwizalan da ya ci zinare a kan sandar lilo a Olamfik ɗin Landan na 1948. Wannan ajin manya ne. Ƙaton da ke jikin takardar irin ta yake yi, kuma babu inda aka rubuta cewa ba da mu ake ba.

Maganin bai ci ko sisi ba. Malam ya jawo bencin 'yan aji ya ce in hau da ƙafa in riƙe sanduna a ƙasa. Bencin inci 18 ne. Na jingina gaba kaɗan, sai na ji yatsun ƙafata sun yi sakayau, suka tashi. Na firgita har na saki na faɗo. Wannan ne karon farko da na ɗanɗana abin, kuma daga ranar aikina ya zama sauke tsayin abin takawa. Daga benci na koma kan akwatin lemo a kife, na yi wata biyu a nan. Daga shi sai bulo mai inci 9. Daga bulo sai kujera 'yar tsuguno ta kicin, wadda sai da aka yi shari'a kafin a ba ni aro.

A tsakanin akwati da bulo ne na gane inda ainihin ciwona yake, kuma babu katakon da zai warkar da shi. Shekara 16 a kan keke ta ɗaure mini jijiyoyin bayan cinya tamau. In na tsaya na sunkuya gwiwa a miƙe, yatsuna da ƙyar suke wuce ƙwauri. Mai irin wannan jiki in ya dafa ƙasa, ƙafafunsa suna can nesa da hannu, ƙugu yana baya, sai ya buƙaci kafaɗar ɗan dambe kafin ya rinjaya. Wanda kuwa yake naɗewa kamar wuƙar aljihu, ƙafa dab da hannu, ƙugunsa ya riga ya kusa hawa, ɗan turi kaɗan ya ishe shi. Shi ya sa za ka ga siririyar yarinya 'yar jimnastik tana ɗaukewa tana murmushi, ƙato mai ɗaga ƙarfe yana nishi a banza. Shi ya sa kuma ake fara koyo da ƙafa a ware: in ka buɗe su gefe, nauyinsu ya matso kusa da jiki, ba kamar a haɗe suna reto a gabanka ba.

Laushin ma kashi biyu ne, wannan ma Malam ne ya nuna mini da misali mai ban haushi. Ya sa na zauna a tabarma na ware ƙafa, ya danna bayana, na ɗan tafi gaba. Ya ce madalla. Sai ya ce in dafa ƙasa a tsakanin cinyoyina in ɗaga dugadugai, gwiwa a miƙe. Ko inci ɗaya ba su tashi ba, ga wata ɗaurewar tsoka da ta kama ni a saman cinya har na yi salati da ƙarfi. Ya ce to a sama babu mai danna maka baya, da ƙarfin mararka da saman cinyarka za ka riƙe ƙafar kusa da ciki. Wannan ɗaga dugadugan shi ne atisayen da na fi tsana a duniya, kuma shi ne ya fi yi mini amfani. Goma-goma sau uku, kwana huɗu a mako. Ɗaurewar tsokar ta yi wata guda tana zuwa kafin ta haƙura.

A nan sandunan suka sake samun aiki, don in faɗi gaskiya. Zaman iska, wato ka riƙe su ka ɗaga jiki ƙafafu a miƙe a gaba, a ƙasa ba na iya shi ko na daƙiƙa ɗaya, ɗuwawu ba ya tashi. A kan inci biyar ɗin nan na fara da gwiwa a naɗe, yanzu ina yin daƙiƙa 20 a miƙe. Haka saukowa a hankali: in wurga in tsaya a jikin bango, in ware ƙafa, in sauko da su ina ƙirga biyar. Ita ce ɗaukewa a juye, kuma ana iya maimaita ta da yawa a kan sanda ba tare da wuyan hannu ya yi ƙorafi ba. Miƙa jijiya kuma na mayar da ita shago. Duk na gama riga ɗaya sai in tashi in ɗora dunduniya a kan teburin yanka, minti ɗaya kowace ƙafa. Yaran shago sun yi dariya sun gaji.

Wani abu da ba a gaya maka: daidaito a kan sanda daban yake da na ƙasa. A ƙasa da yatsu kake birki, in za ka wuce ka danna su. A kan sanda babu yatsun, sai dai ka murza wuyan hannu gaba ko baya kamar mai riƙe da kan babur. Na yi wata biyar ban taɓa ƙasa ba don tsoron ciwo, da na koma sai na tarar tsayuwata ta daƙiƙa 15 ta koma uku. Yanzu raba su nake yi: aikin ƙarfi a kan katako, daidaito a ƙasa na minti biyar bayan na ɗumama wuyan hannu sosai. Faɗuwa ma ta fi muni a kansu, don hannu yana riƙe da abu, ba ya saurin saki ya taka gefe. Wanda bai iya kaucewa ta gefe in ya wuce ba, ya koya a ƙasa tukuna.

Azumi da ɗinkin sallah sun cinye mini mako shida, ban ko kalle su ba, suna ƙarƙashin gado. Na dawo na tarar ƙarfin kafaɗa bai tafi sosai ba, amma jijiyar bayan cinya ta koma gidan jiya, kwana a kan keke ba wasa ba ne. Inna kuma da ta zo ta gan ni a kife ta ce jini zai taru mini a ka. Na yi dariya, amma maganarta da ƙamshin gaskiya: mai hawan jini ko ciwon hawan ruwan ido ana hana shi irin wannan kifewar sai da izinin likita. Na je kemis aka auna ni don hankalinta ya kwanta.

Ɗaukewata ta farko daga ƙasa ta zo ne a wata na goma, wata Talata, kuma abin dariyar ba a kan sandunan ba ne. A kan simintin tsakar gida ne, tafi a shimfiɗe, ƙafa a ware. Gwiwar hannuna ta ɗan lanƙwashe, Malam da ya ga bidiyon ya ce rabin maki. A gasa sai ka tsaya cak na daƙiƙa biyu kafin a ƙirga maka, ni kuwa ɗaya da rabi na yi na kife. A cikin gwaji goma yanzu ina samun biyu, ran da jiki ya yi daɗi uku. A kan sanduna har yau sai da 'yar tsuguno.

In kana da ciwon wuyan hannu, ko sana'arka da hannu take kamar tawa, saye su, amma gajeru, kada su wuce inci biyar ko shida, na katako, masu kauri. Dogayen nan masu kai gwiwa na wani aikin ne, kuma faɗowa daga kansu ba daɗi. In wuyan hannunka lafiya lau ne kuma ɗaukewa daga tsaye kawai kake nema, riƙe kuɗinka, bulo da tabarma da bango sun ishe ka shekara guda. In kuma ka saya, ka cire robobin tun ranar farko kafin su cire ka.

Da zan sake, ba zan tura kuɗi intanet ba. Watan jiya na kai wa kafintan layinmu guda ɗaya ya gani, ya jujjuya ta ya ce, "Wannan ce dubu ashirin da shida?" Ya yi wa ɗaya daga cikin yaran filinmu irinta da maɗaci, ya huda ƙafafun ya zura sandar ciki da gam maimakon sukuru, a kan naira 9,000. Ta fi tawa nauyi kuma ba ta rawa. Kuskurensa ɗaya, ya shafe ta da folish har tana ƙyalli don ya burge mu, sai da muka zauna da samfefa muka kankare wurin riƙon.